Duniyar Kimiyya: Wa Ke Gadin Gonar Da Ke Cikin Kwamfuta?

A watan nan niyyata ita ce in ɗauko maganar ajiyar albasa bayan girbi, to amma sai wani abu ya faru a gidanmu nan Binduri wanda ya tsaya mini a rai, har na ga ya fi kyau in jingine waccan magana tukuna, in kawo muku wannan tun da zafinta.

Ɗan ƙanwata ne, wanda yake karatun digiri na biyu a fannin aikin gona a wata jami'a, ya zo mana hutu. Wata rana da daddare na fito tsakar gida sai na iske shi zaune bisa tabarma, kwamfuta a cinya, ya yi tagumi kamar wanda aka aiko wa da mugun saƙo. Na ce, "Kai yaro, lafiya?" Ya ce, "Ina fa lafiya Kawu, lissafina ne ya juya mini baya. Tambayar da na yi wa na'urar nan wata huɗu da suka wuce ita na sake yi mata yau, amma amsar da ta ba ni daban, alhali kuwa ni ban taɓa komai ba."

Kwana tara ya yi yana neman inda gizo yake saƙar. Ashe su biyar ne suke amfani da wata 'yar ƙaramar manhaja da suka rubuta da kansu, wadda take shirya musu bayanan gona kafin su zuba su cikin babbar manhajar da suke aiki da ita. Ɗaya daga cikinsu, da kyakkyawar niyya, ya ga manoman da yake hira da su da eka suke lissafin taki ba da hekta ba, sai ya shiga ya gyara layi ɗaya domin na'urar ta riƙa karɓar taki da eka tana juyawa da kanta. Aikinsa ya yi daidai, ya ji daɗi, bai gaya wa kowa ba. Su kuwa sauran huɗun suka ci gaba da shigar da nasu da hekta kamar yadda suka saba, na'ura tana ninka musu ba su sani ba. Hekta ɗaya kuwa ta kusa eka biyu da rabi, wato buhu ɗaya mai kilo 50 a eka daidai yake da wajen kilo 124 a hekta. Ma'ana, gonar da yaron nan ya ce a zuba wa buhu ɗaya, biyu da rabi ake zuba mata a ɓoye. Da bai lura ba, da ya rubuta a kundinsa cewa buhu ɗaya zai ba manomi dawar da a gaskiya sai da buhu biyu da rabi ake samunta, malamansa su sa hannu, wata rana kuma malamin gona ya ɗauko wannan magana ya kawo ta gindin bishiya ya gaya wa mutanen Binduri.

Kafin in yi nisa, bari in yi wa wanda bai sani ba bayanin wannan gona ta cikin kwamfuta. Masana sun daɗe suna rubuta manhajojin da suke kwaikwayon yadda shuka take girma. Za ka ba na'ura yawan ruwan saman da aka yi kowace rana, da zafin rana da sanyin dare, da ƙarfin hasken rana, sa'annan ka gaya mata irin ƙasar gonar hawa-hawa daga sama zuwa ƙasa, yashi nawa, laka nawa, ruwa nawa take iya riƙewa. Ka ƙara da irin da ka shuka, da ranar shuka, da takin da ka sa. Ita kuma sai ta bi shukar kwana bayan kwana da lissafi, ta ce yau saiwa ta kai nan, yau ganye ya ƙaru kaza, yau ƙishirwa ta kama ta, har ranar girbi ta faɗa maka abin da za ka kai rumbu. Amfanin abin shi ne, damina 30 da mutum zai ƙare rabin rayuwarsa yana gwadawa a gona, na'ura takan gama da su kafin shayi ya huce. Mu da damina ɗaya tak gare mu a shekara, in ta kuɓuce sai baɗi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Guda biyu sun fi shahara a cikin irin waɗannan manhajoji. Akwai DSSAT, wadda masana a Amurka suka fara fitarwa a 1989, akwai kuma APSIM, wadda aka haifa a farkon shekarun 1990 a garin Toowoomba na jihar Queensland a ƙasar Ostareliya. Kada wani ya ɗauka abin na nesa ne. Dilys MacCarthy ta Jami'ar Gana tare da abokan aikinta sun yi amfani da APSIM a kan noman dawa a yankin Navrongo, nan maƙwabtanmu, suka buga sakamakon a 2009, inda suka kwatanta gonakin bayan gida da na daji ta fuskar taki da kuma barin kara a gona. A 2017 kuma masana na Jami'ar Bayero ta Kano da na cibiyar IITA sun yi aiki da DSSAT wajen neman lokacin da ya fi dacewa a shuka masara mai saurin nuna a arewacin Nijeriya. Mu ma ga tashar binciken noma ta Manga a ƙofar gidanmu, reshen cibiyar SARI mai hedkwata a Nyankpala kusa da Tamale, inda aka yi shekara da shekaru ana gwajin gero da dawa da wake da albasa. Irin alƙaluman da ake tarawa a wurare kamar wannan su ne abincin waɗancan manhajoji.

Duka biyun rubutunsu a buɗe yake a wani dandali na intanet da ake kira GitHub, kowa zai iya shiga ya karanta layi bayan layi, in ya ga wurin gyara ya gyara ya aika a duba. Zuciyar DSSAT ma da wani tsohon harshen kwamfuta aka rubuta ta mai suna Fortran, wanda ya fito a 1957, wato sa'ar 'yancin kan Gana ne, kuma har yau yana bakin aiki. Wannan buɗe ƙofa alheri ne babba, don an ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Sai dai duk macen da ta taɓa girkin biki ta san hannu da yawa kuma shi ke sa gishiri sau uku a tukunya ɗaya. In ɗalibai biyar da ke cin abinci tare za su iya rikita wa juna lissafi, to ina ga masana masu yawa da ke nahiyoyi daban-daban, wannan yana taɓa lissafin ruwa, wancan yana taɓa na saiwa, ba su ma taɓa ganin fuskar juna ba?

Ku dubi yadda ake yin batakari. Masaƙi a Yendi ko Daboya yakan fitar da saƙa siririya mai faɗin tafin hannu, sai maɗinki ya jera su ya haɗa su zama riga. To a ce masaƙa goma aka raba wa aikin riga ɗaya, kowa ya shige ɗakinsa wata shida ba wanda ya leƙa na wani. Sai ranar haɗi za a gane na wannan ya fi faɗi, na wancan baƙinsa bai kama ba, na wani kuma ya gajarce, a lokacin kuwa zare ya ƙare, kuɗi sun ƙare, mai riga yana tsaye a bakin ƙofa. Irin wannan wahala masu rubuta manhaja suka sha a da, har suka gane maganin shi ne kada a jira. Duk ɗan abin da mutum ya saƙa, yau ya kawo shi a kara da na sauran a gani. Tun ran gini tun ran zane. Wannan dabara ita zan kira haɗi da gwaji a kai a kai, masu sana'ar kuma suna taƙaita sunanta da haruffa biyu, CI. Sunan ya bayyana a wani littafi na Grady Booch a 1991, sa'annan Kent Beck da abokansa suka mai da ita aikin yau da kullum a ƙarshen shekarun 1990. Daga baya aka ƙera kayan aikin da suke yin ta da kansu, irin su CruiseControl a 2001, da Jenkins a 2011, da GitHub Actions a 2019, wanda ba ya cajin ko sisi ga manhajar da rubutunta yake a buɗe.

Yadda abin yake tafiya kuwa ba wuya. Akwai uwar rubutu guda ɗaya wadda kowa ya yarda ita ce ta gaskiya. Mai gyara ba ya taɓa ta kai tsaye, sai ya kwafa, ya yi gyaransa a gefe, ya aika da buƙatar a karɓa. Da zarar buƙatar ta iso, wata kwamfuta da ke can nesa, wadda ni nake kira mai gadi, sai ta farka da kanta, ta haɗa gyaran da uwar rubutun, ta gina manhajar sabuwa fil tun daga tushe, sa'annan ta bi ta da gwaje-gwajen da aka tanada mata ɗaya bayan ɗaya. In duk an ci, ta kunna koren alama. In ko ɗaya ya faɗi, ta kunna ja, ta nuna wurin, ƙofa kuma ta kasance a rufe har sai an gyara. Mai gadin nan ba ya barci, ba ya jin nauyin furfura, in farfesa ne ya kawo kuskure haka zai kunna masa ja kamar yadda zai kunna wa ɗalibi. Ga mu da muke fama da ɗaukewar wuta da tsadar data, akwai wani daɗin kuma, don nauyin aikin duk a can ake ɗaukarsa, kai naka kawai ka tura 'yan layukan da ka canza.

To amma fa a manhajar kimiyya akwai wani ƙulli da ya sa gwajin nata ya fi na sauran wuya, kuma nan ne na fi so mai karatu ya tsaya. Mai rubuta manhajar banki ya san amsa tun kafin ya tambaya: wanda ya ajiye sidi 100 ya cire 30, saura 70, in na'ura ta faɗi wani abu daban ta yi ƙarya. Shi kuwa mai kwaikwayon gona bai san amsar ba, rashin sanin ne ma ya sa ya rubuta manhajar. To da me za a auna abin da ba a san amsarsa ba?

Masana sukan zagaye ƙullin ta hanyoyi da dama. Da farko sukan yanka aikin ƙanana-ƙanana su gwada gaɓoɓin da ake iya lissafawa da fensir. Da abokan yaron nan sun rubuta gwaji mai layi uku da ke cewa in an shigar da kilo 50 a hekta dole kilo 50 ya fito, da ranar da abokinsu ya yi gyaransa a ranar ja zai kunnu, kwana taran nan da ba a yi asararsu ba. Sa'annan akwai dokokin da halitta ba ta karya su. Ruwan da ya sauka a gona dole a san inda kowane ɗigo ya tafi, ko shuka ta sha, ko rana ta ɗauke, ko ya gangara, ko ya nutse, ko yana nan cikin ƙasa. In aka tara aka ga ya fi wanda ya sauka, to wani layi yana ƙirƙirar ruwa daga babu, haka nan kuma ake bin sawun sinadarin taki. Akwai kuma gwajin hankali irin wanda kowane manomi zai iya tsarawa: in ba a yi ruwa ba ko sau ɗaya, bai kamata a girbe komai ba, kuma dawa ba ta fitar da kai kafin ta tsiro.

Babban gwajin kuwa shi ne na komawa gonar gaskiya. Masu APSIM sun yi suna a nan. Sun tara gwaje-gwajen gona da aka yi da hannu aka auna da sikeli, suka ajiye su tare da manhajar, kuma gyaran da aka kawo sai an sake noma waɗannan gonaki da shi a cikin na'ura, a kwatanta abin da ta faɗa da abin da aka girba, a kuma kwatanta da yadda take yi kafin gyaran. In alƙaluman sun motsa, sai mutum ya zo ya yi bayanin dalili, wani masani ya duba ya yarda, kafin a karɓi sabbin alƙaluman a matsayin ma'auni. Dean Holzworth da abokansa sun rubuta muƙala a kan wannan tsari nasu tun a 2011. A irin wannan awo ba a neman lamba ta zo daidai har ƙarshen wutsiyarta, domin kwamfutoci sukan ɗan saɓa wa juna a can ƙarshen lissafi, don haka akan yanke iyakar da za a yi haƙuri da ita, kamar dai yadda mai awon hatsi a kasuwar Bawku ba ya faɗa a kan ƙwaya biyu amma zai yi a kan rabin kwano. Yanke wannan iyaka kuwa aikin mutum ne. In ta yi ƙunci mai gadi zai yi ta ihu a banza har a daina kula shi, in ta yi faɗi ɓarawo ya wuce da akuya a kafaɗa.

Da na ga yaron nan ya damu ƙwarai, sai na ba shi labarin manyan da suka faɗa ramin da ya fi nasa zurfi. A 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, na wajen dala miliyan 125, saboda wani ɓangare yana lissafi da ma'aunin Ingilishi wani kuma da na mita, wato dai eka da hekta ne a sararin sama. A 2006 wani masani mai suna Geoffrey Chang a jihar Kalifoniya ya janye muƙaloli biyar da ya buga a kan siffar wasu sinadaran jiki, bayan masana a Suwizalan sun samo siffar da ta saɓa wa tasa, aka bincika aka ga wata 'yar manhaja ce ta musanya masa jeri biyu na alƙaluma. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na 2019 a Jami'ar Hawaii, inda aka gano wata manhajar masu ilmin haɗa sinadarai da aka buga tun 2014 tana ba da amsa daban-daban gwargwadon irin kwamfutar da aka sa ta, don kawai kowace da yadda take jera fayiloli, har aka ji tsoron abin ya shafi muƙaloli sama da 100. Maganin irin wannan kuwa yana cikin aikin mai gadi na yau da kullum, domin akan umarce shi ya yi gwaji ɗaya a kan Windows da Linux da Mac a lokaci guda.

Yanzu ga inda nake son zuwa. Mai gadi ba ya tsaron sai abin da aka damƙa masa. Koren alama ba ta nufin manhaja ta faɗi gaskiya, abin da take nufi shi ne ba a ɓata komai ba a cikin gonakin da ke kwandon gwaji. Ƙasar da ke kewaye da Toowoomba baƙar laka ce mai zurfi mai riƙe ruwa, tamu kuwa yawanci jigawa ce mai yashi, marar kitse, wadda kwana goma ba ruwa sun isa su sa gero ya naɗe ganye. A ce wani masani can ya gyara yadda saiwa take jan ruwa, gyaran ya inganta lissafin alkama a baƙar laka amma ya karkatar da na gero a jigawa. In akwai gonar jigawa a kwandon, ja zai kunnu nan take, a tsaya a duba. In babu, kore zai kunnu, kowa ya tafa, kuskuren kuma ya sauko mana a sabon fitowa ba tare da kowa ya yi niyyar cutar da mu ba. Ba laifin kowa ba ne, kowa gonar da ya sani yake fara sawa a kwando. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ban da wannan ma, akwai abubuwan da lissafin girman shuka bai saba ɗauka ba sai an koya masa, kamar ƙuduji da ke shanye dawa, ko tsutsar da ta yi wa masara ɓarna a 2017, ko ruwan da yake malalowa gonakin bakin kogi idan an buɗe madatsar Bagre a Burkina Faso.

Saboda haka ni a ganina rabonmu a wannan aiki ba wai mu zauna muna saukar da manhaja kyauta muna godiya ba ne. Ɗalibai nawa ne daga Bawku da Yendi da Salaga suka yi damina biyu ko uku suna auna tsawon kara da nauyin zangarniya, suka sami digiri, littafin awon kuma yana cikin akwati gara tana ci? Gwaji guda mai tsabta a kan geron naara ko dawar Kapaala, mai ɗauke da ruwan kowace rana da bayanin ƙasa da ranar shuka da abin da aka girba, in aka shirya shi da izinin masu shi aka miƙa wa masu kula da manhajar suka karɓa, to daga ranar duk wanda zai taɓa wannan ɓangare na lissafi a ko'ina yake a duniya sai ya bi ta gonarmu kafin a buɗe masa ƙofa. Ban san wata hanya mafi araha da ƙaramin wuri kamar namu zai sa manyan masana su yi la'akari da shi ba. Ina kuma roƙon malaman jami'a da su riƙa tambayar ɗalibi wane fitowa na manhaja ya yi aiki da shi da kuma ina gwajinsa, kamar yadda suke tambayarsa ina ya samo iri.

Shi dai ɗan ƙanwar tawa kafin ya koma makaranta sai da ya ɗora 'yar manhajar tasu a GitHub, ya rubuta mata gwaji bakwai, na farkonsu na eka da hekta. Shekaranjiya ya bugo mini waya yana dariya, ya ce, "Kawu, ja ya kunnu a karon farko." Na ce wa ya kama? Ya ce shi da kansa, wajen juya inci zuwa milimita na ruwan sama.

Maganar albasa kuma sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya aiko ta hannun edita kamar yadda aka saba.